Littafin aljanu ya raba kan 'yan majalisar karatu: ta ina ake gane mai gaskiya?

Tambaya daga wata 'yar'uwa a Aboabo, Kumasi: Mu goma sha huɗu ne muke haɗuwa duk Asabar bayan la'asar muna tattauna littafin da muka karanta. Wannan karon littafin aljanu ne mai babi 72 da wata marubuciya ta riƙa saki a WhatsApp. Labarin wata budurwa ce ta zamanin nan, wadda kakanta, madugun fataken goro, ya ƙulla alkawari da aljani a hanyar Gwanja: aljanin ya tsare masa ayari, shi kuma ya ba shi jikarsa ta fari. A babi na 6 an ce aljanin ba ya iya shiga gida sai wani ɗan gidan ya kira shi. A babi na 48 sai ga shi a ɗakin yarinyar ba wanda ya kira shi. A babi na 70 wani malami da ba a taɓa ambata ba ya zo ya yi ruƙiyya, aljanin ya ƙone, aka ɗaura aure. Wasunmu sun ce ba su taɓa karanta mai daɗinsa ba, wasu sun ce shirme ne da ƙarya, biyu kuma sun ce karanta shi ma haramun ne. Har an fara gaba. Wa ke da gaskiya?

Amsa: 'Yar'uwa, sannunku da ƙoƙari. Masu cewa littafin ya lalace suna da gaskiya, sai dai ba don dalilin da suka kawo ba. Masu yabonsa kuma ba ruɗewa suka yi ba: littafin da ya riƙe mata goma sha huɗu har babi 72, ga girki ga kasuwa ga yara, akwai abin da marubuciyarsa ta iya. Ɓarnar tana wurare biyun da ke da kanki kika ambata, babi na 48 da na 70, kuma ciwo ɗaya ne ya ɓullo a wuri biyu.

A fara ajiye maganar "ƙarya ne" a gefe, domin ba tuhuma ba ce. Masu yi mana tatsuniya da bakinsu suke rufewa da "ba don Gizo ba da na yi ƙarya", ba a taɓa jin wanda ya yi fushi ba. Rubutun zube na Hausa ma da aljanu ya fara tafiya. Cikin littattafan gasar da aka yi a Zariya a 1933, waɗanda suka fito a 1934, Gandoki na Bello Kagara ya bar fagen yaƙi da Nasara ya faɗa cikin aljanu, Alhaji Imam na Ruwan Bagaja kuma sai da ya bi ta hannunsu kafin ya ɗebo ruwan. Tun kafin nan, a ƙasar nan tamu ta Ghana, Malam Shaihu ya rubuta tatsuniyoyi da ajami waɗanda Baturen Ingila Rattray ya buga a 1913, da dodanninsu da komai.

Amma dodo daban, aljani daban, kuma a nan marubutanmu da yawa ke zamewa. Dodo na mai labari ne, in ya ga dama ya ba shi kai bakwai, ba mai tambayarsa. Aljani kuwa mai karatu ya yi imani da samuwarsa, ya kuma zo da iliminsa tun daga makaranta. Ya san daga harshen wuta aka halicce su, kamar yadda ya zo a Suratur Rahman aya ta 15. Ya san suna ganinmu ta inda ba ma ganinsu, kuma akwai musulmi a cikinsu akwai kafirai. Ya san ƙarfinsu da saurinsu, tun da ifritu ya ce wa Annabi Sulaiman zai kawo gadon sarauniyar Saba'i kafin ya tashi daga mazauninsa. Abin da aka fi mantawa shi ne ba su san gaibu ba. A Suratu Saba'i aya ta 14, Annabi Sulaiman ya rasu yana dogare da sandarsa, aljanu suna ta wahalar aiki ba su sani ba, sai da gara ta ci sandar ya faɗi. Saboda haka littafin da aljaninsa ke gaya wa mutum ranar mutuwarsa, abin kuma ya tabbata daidai, ya taka dokar da mai karatu ya zo da ita daga gida. Haka wanda ya cakuɗa aljanin da Alƙur'ani ya ambata da iskokin bori, su Inna da Ɗan Galadima na birnin Jangare, ya ƙara da macijiyar fim ɗin Indiya mai rikiɗa ta zama mace, bai ma san ya cakuɗa ba. Haɗawar ba laifi ba ce. Marubucin da ya tashi a Kumasi yana iya sa mmoatia na dajin Asante, gajerun nan masu ƙafa a juye da ke magana da fito, su gamu da aljanin fatake a labari ɗaya, ya ma yi armashi, muddin ya san inda ya ɗauko kowanne da iyakar abin da kowanne ke iyawa.

Doka ta biyu ita ce wadda marubuciya ta kafa da hannunta. Cewa aljanin ba ya shiga gida sai an kira shi, ƙirƙirarta ce a babi na 6, kuma dabara ce mai kyau ƙwarai, domin ta dawo da haɗarin cikin gida: daga ranar duk wanda ke kwana a gidan abin zargi ne. To tun da ta kafa, ta ɗaure kanta.

Ga yadda za ku auna, ba zai ci muku fiye da yamma biyu ba in kun raba babobin, kowace ta ɗauki biyar ko shida. Ku sami takarda ku raba ta gida huɗu. Duk inda wani abin al'ajabi ya faru, a gida na farko a sa lambar babin, a na biyu abin da ya faru cikin jimla ɗaya, a na uku babin da aka fara nuna cewa hakan na iya faruwa, a na huɗu kuma abin da wani ya biya saboda shi: lafiya ce, dukiya ce, mutunci ne, ko rai. Inda gida na uku ya zama wayam, jefo abin aka yi daga sama don marubuciya ta fita daga ramin da ta shiga. Inda na huɗu ya zama wayam, sihiri ya zama kyauta, kuma da zarar mai karatu ya gane kyauta ne tsoro ya tafi, don ya san duk tsananin da aka shiga za a ɓullo da wani sabon abu. Wayam ɗaya ko biyu a tsakiyar littafi ana yafewa. Wayam a babobi biyar na ƙarshe shi ke kashe littafi. Labari irin wannan kamar adashi yake, wadda ba ta yi zubi ba ba ta kwasa.

Dubi abin da babi na 48 zai zama da an riƙe dokar. Yarinya ta farka cikin dare ta gan shi zaune a bakin katifa. Maimakon ihu, abin da ya fara zuwa bakinta shi ne, "Wa ya kira ka?" Ya ce, "Tambayi wadda ta ce miki ki bar sakata a zare saboda zafi." Da asuba ta fito ta tarar da uwarta tana fifita gawayi a kurfoti. Ta ce, "Umma, ina kwana." Uwar ta amsa ba ta ɗago kai ba, ta ci gaba da fifita wutar da ta riga ta kama. Babu hayaƙi, babu kai bakwai, amma babobi ashirin da huɗu da suka rage sun sami abin ci: me zai sa uwa ta yi haka, bashi ne, tsoro ne, ko da ɗanta namiji aka yi mata barazana? Kafin ku yanke hukunci dai, wadda ta ɗauki babi na 49 zuwa 54 ta sa ido sosai, domin wani lokaci akan ɓoye wanda ya yi kiran a bayyana shi can gaba cikin layi ɗaya, mai sauri ya tsallake. In ba a samu ba, mantuwa ce.

Mantuwar kuma tana da sanadi, ba rashin basira ba ne. Littafin da ake saki kullum ko bayan kwana biyu a waya ake rubuta shi, yau a rubuta yau a tura. Babi na 6 ya daɗe da shiga wayoyin mutane kafin a zo na 48, ba damar komawa a gyara, sau da yawa ma marubuciya ba ta da takardar da ta rubuta dokokin labarinta. Ga tsarin kuɗi: shafukan farko kyauta, sauran sai an biya, ku nan ta MoMo, wato tura kuɗi ta waya, na Najeriya ta banki ko katin waya. Shi ke sa a zuba duk gwaninta a farko don a ja mai saye, a kuma ja labari ya yi tsawo don mai biya ya ga kuɗinsa. Sai sharhin masu karatu: duk ranar da aljani bai fito ba a ce shafin yau ba daɗi. Marubuciya ta ƙara masa ƙarfi, gobe ta ƙara, jibi ta ƙara, har ya kai inda babu wani a cikin labarin da zai iya da shi. Daga nan dole a ɗauko mai ceto daga waje. Malamin babi na 70, babi na 48 ne ya haife shi.

Akwai tambayar da ya kamata ki yi wa 'yan majalisarku: wa ta karanta da ido, wa ta saurara? Hausa ba ta cikin harsunan ƙasa da ake koyarwa a makarantun gwamnatin Ghana, don haka da yawa a zango ita ce harshensu na yau da kullum amma karanta ta da boko yana yi musu nauyi, sai su bi littafi ta murya a YouTube ko saƙon murya. Wadda ke sauraren babi ɗaya kullum tana wanke-wanke ko tana cikin motar haya ta trotro zuwa kasuwar Kejetia, tsakanin babi na 6 da na 48 ta yi sati shida. Dokar ta shige mata, abin da ya rage shi ne muryar mai karantawa da faɗuwar gaba. Wadda ta sami littafin a haɗe ta cinye shi a kwana uku kuwa tana tune da babi na 6 sarai, shi ya sa ta ji an raina mata hankali. Ina kyautata zaton rabuwarku ta nan ta bi.

Abin da masu yabo suka ji gaskiya ne, sai dai "daɗi" kawai ba ya isa, a faɗi ko mene ne. Tsoro a rubuce ba daga girman halitta yake zuwa ba, daga ƙaramin abu ne da ya kauce wa yadda aka saba. Mun taso ana ce mana aljanu na cin kasuwa, ana gane su da kofato, ana hana mu zama gindin tsamiya da tsakar rana, ana shigar da yara ɗaki da almuru. Gwanin marubuci da waɗannan yake gini. A ce wani dattijo yana zuwa wurin mai goro a kasuwar Asawase duk Alhamis, ba ya tayi, ya biya ya tafi. Sai da daddare tana ƙirga ciniki ta ga takardar sidi dubu goma ce, irin wadda aka daina karɓa tun canjin kuɗi na 2007, sabuwa fil ko lanƙwasa babu. Wannan ya fi shafi uku na jajayen idanu da zaƙo-zaƙon haƙora. Ku ƙirga sau nawa aka siffanta aljanin daga kai har ƙafa. In a babobi ashirin na farko bai wuce sau ɗaya ba, kun gano abin da ya hana su barci. In daga baya ya koma fitowa kowane babi yana dogon jawabi, kun gano inda tsoron ya zube.

Yanzu babi na 70. Laifin ba na ruƙiyya ba ne. Labarin musulmi da aljani ya ƙare da Alƙur'ani, daidai ne, mai karatu ma shi yake jira. Laifin wata tambaya ce da marubuciya ba ta amsa ba: me ya hana a kira malamin tun babi na 3? A Aboabo ko Sawaba, yarinya ta yi firgita biyu cikin dare, kafin azahar an kawo rubutu, an daka ganyen magarya bakwai, an kunna Baƙara a ɗaki, an aika a kira mai ruƙiyya. Gidan da ya yi babi sittin da tara bai yi haka ba, sai an gaya mana dalili. Dalilin kuwa yana kwance a cikin labarin ba a ɗauka ba: mutanen gidan arzikin alkawarin suke ci. Gidan da suke ciki, rumfunan kasuwa, sunan da ake girmama su da shi, duk daga ayarin nan ne. Da an kawo malamin tun babi na 10, ya yi karatu ta sami sauƙi, bayan sati abin ya dawo, ya ja uban gefe ya ce, "Alhaji, akwai abin da aka binne a gidan nan, ko aka yi alkawarinsa?" uban ya ce babu yana kallon ƙasa, to da malamin ya zama ɗan cikin labari, ƙaryar uban kuma ta zama ƙofar da aljani ke bi. Ƙarshen sai ya zama ranar da wani ya faɗi gaskiya, aka tone abin da ke ƙarƙashin dokin ƙofa, aka rabu da dukiyar. A nan yarinyar ma ta sami aikin yi, ko ita ta tilasta tonon, ko ita ta zaɓi talauci ido biyu. A yadda kika ba da labarin, babi 72 ana ta yi da ita, ita ba ta yi komai ba, ceton ma kawo mata shi aka yi har ɗaki.

Sai 'yan'uwa biyu masu cewa haramun ne. Kada a yi musu dariya, kada kuma a haɗa maganarsu da ta masu cewa shirme, domin littafi yana iya tsaruwa ya kuma cutar, yana iya zama fanko bai cutar da kowa ba. Fatawa ta malamai ce. Abin da majalisa za ta iya shi ne ta kai wa malami cikakken bayani, ba "littafin aljanu ne" kawai ba. Ambaton sihiri daban, koyar da shi daban, Alƙur'ani ma ya ba da labarin matsafan Fir'auna da na Haruta da Maruta. Ku duba ko an rubuta surkullen da za a iya kwaikwaya, da sunayen da ake kira da abin da ake yankawa da lokacin yi. In akwai, wannan shafin ya tashi daga labari. Ku duba kuma yadda wanda ya je wurin boka ya ƙare, tun da hadisin da Muslim ya ruwaito ya ce wanda ya je wa mai duba ya tambaye shi ba a karɓar sallarsa dare arba'in, Suratul Jinni aya ta 6 kuma ta nuna masu neman tsari da aljanu wahala suka ƙara wa kansu. Ta wannan fuskar ginshiƙin labarinku lafiya lau yake: madugu ya nemi tsari, jika ta biya. Inda ya fi cancantar a sa ido shi ne inda ake mayar da aljani saurayin da kowace budurwa ke buri, kyakkyawa, mai kuɗi, mai kishi, wanda ba ya gajiya da rarrashi, har 'yar shekara goma sha biyar ta ajiye waya tana cewa ina ma ita ce. In littafinku ya yi haka a tsakiya sannan ya ƙona shi a babi na 70 don a rufe bakin masu magana, to masu ƙorafin suna da abin faɗa, ƙonawar shafi biyu ba ta goge babi talatin na kwaɗaitarwa.

Wani ɗan abu da ba wadda ta tayar a cikinku, alhali ku 'yan Kumasi ya kamata ku fi kowa gani, shi ne lissafin zuriya. Fataucin goro da jakuna tsakanin Kano da Gwanja a ƙarni na 19 ya yi tashensa. Salaga, babbar kasuwar goro ta Gwanja, ta fara durƙushewa bayan Turawan Ingila sun ci Kumasi a 1874, yaƙin basasar 1892 ya watsa ta, fatake suka bazu Kete Krachi da sauran zanguna, da layin dogo ya isa Kano a 1911 kuma goro ya fi bin teku zuwa Legas a loda shi a jirgin ƙasa. Budurwar da ke riƙe da wayar hannu yau, madugun ayarin jakuna ba zai zama kakanta ba, sai dai kakan kakanta ko sama. Gyaran jimla ɗaya ne, alkawarin ya koma kan 'ya mace ta fari a tsatso na biyar. Ya ma fi ban tsoro, bashin da ya haura shekara ɗari ana gadonsa tare da gida.

Ranar Asabar mai zuwa kada ku fara da "ya yi daɗi ko bai yi ba", a nan ake rantse-rantse. Wata mai murya ta karanta babi na 6 da na 48 da na 70 a jere ba hutu, masu saurare da masu karatu su ji abu ɗaya a zama ɗaya, sannan a ajiye takardar nan mai gida huɗu a tsakiya. Masu yabo su kawo shafi guda da ya hana su barci su faɗi abin da aka yi a cikinsa. Masu suka su kawo lambar babi, ba "duk littafin" ba. Maganar halas da haram a ware mata rana daban, a kai wa malamin da kuka yarda da shi, da shafukan da ake magana a kansu a hannu. Da yawa daga marubutan nan suna sa lambarsu a saman shafi saboda masu biya. In taku ta sa, ku tura mata abin da kuka gano ita kaɗai, da lambobin babi, ba cikin taron masu karatu ba inda magoya bayanta za su taso muku. Littafin da bai shiga maɗaba'a ba ana iya gyara shi kafin a haɗa shi wuri ɗaya. Gyaran babi na 48 bai fi shafi biyu ba: layi ɗaya a bakin aljanin, da ɗan wuri tun wajen babi na 20 inda za a ga uwar tsaye a bakin ƙofa da almuru tana motsa baki. Na babi na 70 shi ne mai aiki, domin sai an koma an shigo da malamin tun farko, an kuma taɓa duk babin da uban ya yi magana a ciki.